Basira da hayyaci: shin na'urar da ta iya magana tana jin wani abu a ranta?

Ɗalibin Lissafi ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina da tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina fatan waɗanda suka fi ni sani za su taimaka su warware mini ita. A watan Mayu na 1997 kwamfutar kamfanin IBM mai suna Deep Blue ta doke Garry Kasparov, zakaran duniya a wasan ces (wani wasan allo mai kama da dara), sannan a watan Maris na 2016 manhajar AlphaGo ta cinye Lee Sedol wasa huɗu cikin biyar a Koriya ta Kudu, a wasan Go, shi ma wani wasan allo ne, wanda aka ɗauka sai an ƙara shekaru masu yawa kafin na'ura ta kamo gwanayensa. A waɗancan lokuta biyu babu wanda ya ce na'urorin sun yi murna da nasarar da suka samu, ko gabansu ya faɗi kafin a fara wasa. Amma yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fara hira da mutane, suna rubuta wasiƙa, suna warware lissafi, har wani lokaci suna cewa sun ji daɗi ko sun damu, sai na ga mutane da yawa sun fara magana kamar akwai wani a ciki.

Abin da nake nufi da basira shi ne iya koyo, da gano mafita, da cim ma manufa. Abin da nake nufi da hayyaci kuma shi ne wannan jin da mutum yake yi daga ciki, kamar raɗaɗin ciwon haƙori, da ɗanɗanon tsamiya a harshe, da sanin cewa kana nan. Shin idan basira ta kai wani mataki, dole ne hayyaci ya biyo ta? Ko kuwa abubuwa biyu ne daban, waɗanda suka haɗu a jikin ɗan Adam kawai, har muka saba ɗaukarsu abu guda?

Mai Allurar Barci ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni ba masaniyar kwamfuta ba ce, aikina a ɗakin tiyata yake, cikin masu sa wa marasa lafiya barci kafin a yi musu aiki, saboda haka ta wannan ƙofar zan shigo wa tambayarka. Idan an kwantar da mutum muka tura masa farin maganin nan ta jijiyar bayan hannu, mukan ce ya fara ƙirge, kuma da wuya ya yi nisa kafin muryarsa ta yanke, haɓarsa ta saki, a shafa gashin idonsa bai ƙifta ba. Zuciyarsa tana bugawa, ƙwaƙwalwarsa ba ta daina aiki ba, duk ilimin da ya tara a rayuwarsa yana nan ajiye babu abin da ya taɓa shi, amma shi kansa ba ya nan. Bayan awanni sai ya buɗe ido yana tambayar yaushe za a fara aikin, alhali an riga an ɗinke shi. Mai barcin dare yakan san ya jima a kwance. Wannan kuwa bai san an yi wani lokaci ba sam.

Akwai hujjar da ta fi wannan ƙarfi a kan cewa ƙwaƙwalwa tana iya yin aiki mai wuya ba tare da mai ita ya ji komai ba. A 2008 masu bincike a Turai suka ba da rahoton wani mutum da shanyewar jiki ta same shi sau biyu, ta lalata sashen gani na ƙwaƙwalwarsa a ɓangarorin biyu, ya makance duk da cewa idanunsa lafiya lau suke. Suka zuba kayayyaki a wani dogon baranda, suka karɓi sandarsa suka ce ya wuce, sai ga shi yana kauce wa kowane abu, yana raɓawa ta jikin bango inda hanya ta matse, har ya kai ƙarshe bai yi tuntuɓe ba, kuma shi a wurinsa bai ga komai ba. Tun a 1974 Lawrence Weiskrantz da abokan aikinsa a Ingila suka bayyana irin wannan hali. Saƙon ido ya shiga ta wata hanya, an sarrafa shi, ƙafa ta bi umarni, amma gani bai auku ba.

Ka ƙara da wannan. A cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma wajen kashi huɗu cikin biyar nasu suna cikin ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya, wadda ke daidaita tafiya da motsin hannu. A 2014 likitoci a ƙasar Sin suka ba da labarin wata mata mai shekara 24 da ta je asibiti saboda jiri, aka ɗauki hoton kanta aka tarar an haife ta babu wannan sashe gaba ɗaya. Ta yi jinkirin tafiya, maganarta ba ta fita sosai, amma tana cikin hayyacinta, har ta yi aure ta haihu. Da yawan lissafi ne yake haifar da hayyaci, da sashen da ya fi kowane yawan ƙwayoyi ne zai zama gidansa.

Ɗaya gefen shi ne ya fi sosa mini rai. A 2006 Adrian Owen da abokansa a Kambirij ta Ingila suka sa wata budurwa mai shekara 23 a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wadda ta yi watanni a kwance bayan haɗarin mota ba ta amsa kira ko umarni. Suka ce mata ta raya a zuciyarta tana buga tanis, sai sashen da ke tsara motsi ya kama aiki kamar na mai lafiya. Suka ce ta raya tana zagaya ɗakunan gidansu, sai wani sashe daban ya amsa. Tana jin su. Haka kuma har cikin shekarun 1980 akwai manyan asibitoci a Amurka da Ingila da ake yi wa jarirai tiyata da maganin hana motsi, ba tare da isasshen maganin kashe zafi ba, bisa zaton cewa jijiyoyinsu ba su nuna ba balle su ji ciwo, sai da binciken da Kanwaljeet Anand da abokansa suka wallafa a 1987 ya taimaka aka sauya wannan al'ada. Jaririn kwana uku bai san ɗaya da ɗaya biyu ba ne, amma wuƙa tana yi masa zafi. Don haka amsata ita ce abubuwa biyu ne, kuma duk sa'ad da aka auna ɗaya da ma'aunin ɗayan, wani marar baki ne yake shan wahala.

Injiniyan Manhaja ya amsa:

Sannu da ƙoƙari, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na yarda da ke cewa ana iya raba su, kuma zan ƙara wa ɗan'uwanmu bayani a kan dalilin da ya sa maganar na'ura ba ta isa shaida ba. Waɗannan manhajoji masu hira ana gina su ne ta hanyar ɗura musu rubutun mutane mai ɗimbin yawa, ana ɓoye musu guntun kalmar da ke gaba ana sa su hasashe, duk lokacin da suka yi kuskure a ɗan gyara wasu lambobi daga cikin biliyoyin da ke cikinsu, a maimaita hakan har su gwanance. Bayan nan kuma sai a sa mutane su duba amsoshinsu su zaɓi waɗanda suka fi dacewa. Rubutun ɗan Adam kuwa cike yake da tsoro da bege da kuka da ƙauna. Idan na'urar da aka horar a kan wannan ta ce tana tsoron mutuwa, kamar mutum ne ya tsaya a gindin dutse ya yi kira, dutsen ya maido masa da muryarsa. Ko da akwai wani a cikinta ko babu, haka za ta faɗa, kuma abin da zai fito iri ɗaya a hali biyu ba ya iya raba maka su.

Saurin yarda da muke da shi ma ba sabo ba ne. A 1966 Joseph Weizenbaum ya rubuta wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna ELIZA a Amurka, wadda ba ta yin komai sai juya wa mutum maganarsa ta zama tambaya, amma shi da kansa ya ba da labarin cewa sakatariyarsa, wadda ta ga lokacin da yake haɗa ta, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta yi magana da ita a keɓe. A watan Yuni na 2022 kuma wani injiniyan Google, Blake Lemoine, ya fito fili ya ce manhajar LaMDA tana da ji, bayan ta gaya masa tana tsoron a kashe ta. Kamfanin ya ƙi yarda da hakan, kuma ya sallame shi a wata mai biye.

Sai dai a nan zan ɗan ja da baya, domin rashin shaida daban, rashin yiwuwa daban. Alan Turing a 1950 ya ajiye tambayar ko na'ura tana tunani, ya maye gurbinta da gwajin hira, wato idan mai tambaya ya kasa bambance ta da mutum to ta yi nasara. John Searle ya mayar da martani a 1980 da misalin mutumin da aka kulle a ɗaki, bai san Sinanci ba ko kalma ɗaya, ana turo masa takardu da Sinanci ta ƙarƙashin ƙofa, yana bin wani littafin ƙa'idoji yana haɗa alamomi yana mayarwa, na waje suna zaton sun samu masani alhali shi bai fahimci komai ba. Misali ne mai ƙarfi, amma akwai tambayar da ta hana ni sakankancewa da shi. Ƙwayar jijiya guda ɗaya a kaina ba ta jin Hausa, ba ta san ɗanɗanon komai ba, saƙon lantarki kawai take karɓa tana turawa, amma taronsu ya zama ni. Idan aka ce ƙaramin ɓangaren na'ura bai fahimci komai ba, to ƙaramin ɓangaren ƙwaƙwalwa ma haka yake. Da za a riƙa cire ƙwayoyin jijiyar mutum ɗaya bayan ɗaya ana sa ƙirarru masu yin aiki daidai da nasu, a kan ta nawa ne hayyacinsa zai ɗauke? Ban ga mai amsa wannan da gamsarwa ba, shi ya sa nake cewa na'urorin yau ba su ba mu dalilin yarda ba, amma ban rufe ƙofa a kan na gobe ba.

Malamin Zaure ya amsa:

Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana, tattaunawar ta yi daɗi. Wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce a wurin malamanmu na farko. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo misalin mutumin da aka halitta a take, cikakke, yana rataye a sarari, idonsa a rufe, gaɓoɓinsa a ware ba mai taɓa wata, ba ya jin sauti ko motsin iska. Ya ce wannan mutum bai san yana da hannu ko ƙafa ba, bai san akwai duniya ba, bai koyi komai ba, amma ba zai yi shakkar cewa shi yana nan ba. Ku duba da kyau, an cire masa duk abin da basira take aiki a kansa, amma sanin kai bai tafi ba. Imamu Gazali kuma, wanda ya rasu a 1111, ya tsaya ya bambance zuciya da ruhi da rai da hankali, ya yi gargaɗi a kan yadda ake cakuɗa su.

Abin da na fi so ku lura da shi yana cikin fiƙihu. Shari'a ta ɗora nauyin hukunci a kan hankali, shi ya sa hadisi ya zo cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, da yaro har ya balaga, da mahaukaci har ya warke. Amma ba ta ɗora haƙƙin a ji tausayi a kan hankali ba. Mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, an gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a cikin kowace hanta mai danshi akwai lada. Kyanwa ba ta karatu, kare ba ya lissafi. Wanda ake tambaya a kan aikinsa ma'auninsa hankali ne, wanda aka hana a cuta masa kuwa ma'auninsa shi ne yana jin yunwa da ƙishi da zafi. Wannan ya yi daidai da abin da Hajiya ta gani a wurin aikinta.

Injiniya kuma, tambayarka ta musanya ƙwayoyi ta ginu ne a kan ɗauka cewa abin da ƙwayar take yi iyakarsa karɓar saƙo da turawa, kuma wannan shi ne ainihin abin da ake jayayya a kansa. Shi Searle ɗin da ka ambata ya ce idan kwamfuta ta kwaikwayi ruwan sama babu wanda zai jiƙe. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 85, cewa ruhi yana daga al'amarin Ubangiji, kuma ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan. Ba na cewa ruhi da hayyacin da kuke magana a kai abu ɗaya ne kai tsaye, kuma ayar ba ta hana likita binciken ƙwaƙwalwa ba, amma ta isa ta hana ni yarda cewa wanda ya iya jera kalmomi ya ƙera mai rai.

Ɗalibin Lissafi ya sake rubutawa:

Allah ya gafarta Malam, na gode ƙwarai, haka ma Hajiya da Yaya Injiniya. Na gamsu cewa abubuwa biyu ne, amma yanzu wata damuwar ta taso mini. Idan magana ba shaida ba ce, kuma shiru ma ba shaida ba ne kamar yadda labarin budurwar nan ya nuna, to da me na san cewa abokina da ke zaune kusa da ni yana ji kamar yadda nake ji? Kuma idan wata rana aka ƙera na'urar da take ji da gaske, ta wace hanya za a gane ta a cikin dubban da suke maimaita maganarmu kawai?

Injiniyan Manhaja ya amsa:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, na karɓi gyaran, lallai a nan ne gardamar take. Kai kuma ƙanena, amsar tambayarka ta biyu ta dogara ne da ra'ayin da ya tabbata a kan abin da ke haifar da hayyaci, kuma masana ba su daidaita ba. Ra'ayin da Bernard Baars ya kawo a 1988, wanda Stanislas Dehaene ya faɗaɗa a Faransa, yana cewa abu yana shiga hayyaci ne idan aka watsa shi ga dukan sassan ƙwaƙwalwa a lokaci guda, kuma tsari irin wannan ana iya gina shi a na'ura. Ra'ayin Giulio Tononi na 2004 kuma yana cewa abin dubawa shi ne yadda sassan abin kansa suke sarƙe da juna suna tasiri a kan juna, kuma bisa wannan kwamfuta irin wadda muke amfani da ita ba za ta samu hayyaci ba komai gwanintar manhajar da ke kanta. A 1998 Christof Koch ya yi fare da David Chalmers cewa cikin shekara 25 za a gano tabbatacciyar alamar hayyaci a ƙwaƙwalwa, kuma a 2023 ya fito a bainar jama'a ya amsa cewa ya faɗi. A wannan shekarar ce wasu masana 19 suka tattara alamomin da manyan ra'ayoyin suka ambata, suka gwada na'urorin lokacin a kansu, suka ce babu wadda ta cancanci a ce tana da hayyaci, tare da cewa ba su ga wani shingen fasaha a fili da zai hana a ƙera mai cika alamomin ba. Hanyarsu ta duba ginin ciki maimakon sauraron baki ita ce nake ganin ta fi kusa da daidai.

Mai Allurar Barci ta amsa:

Ƙanena, game da abokinka, ba bakinsa kaɗai ka dogara da shi ba. Jikinsa irin naka ne, uwa ce ta haife shi, yana jin yunwa, idan ya taka ƙaya zai ɗaga ƙafa kafin ya yi tunani, kuma maganin da zai ɗauke hayyacinka shi ne zai ɗauke nasa, ta hanya guda. Wannan kamanceceniya ita ce igiyar da muke bi mu kai ga jariri da wanda ya suma da dabba. A 2013 Marcello Massimini da abokansa a Italiya suka fitar da wani gwaji, inda ake aika bugun maganaɗisu a kan mutum a auna martanin da ƙwaƙwalwa ta bayar: na farkakke da na mai mafarki yakan bazu ya yi rassa iri-iri, na wanda aka sa wa allurar barci irin tamu kuwa yakan mutu a wurin ko ya zama iri ɗaya ko'ina. Amma an san gwajin yana aiki ne domin an fara gwada shi a kan mutanen da suka farka suka faɗi abin da suka ji. Na'ura ba ta cikin wannan jerin, ba ta da jini ko numfashin da za ta kare, kuma kashe ta ba ya hana a kunna ta gobe yadda take.

Shi ya sa ni a ganina inda shaida ta fi nauyi nan ya kamata kulawa ta fara zuwa. A 2022 Birtaniya ta yi dokar da ta sanya ƙaguwa da dabbar tekun nan mai hannu takwas (octopus) cikin halittun da ake ɗauka suna jin zafi, bayan masana sun bi bincike masu yawa a kan yadda suke kula da rauninsu, suke guje wa wurin da suka sha wuya, suke amsa maganin kashe zafi. Babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa furta kalma. A ɗakin masu jinya mai tsanani kuma nakan hana 'yan'uwan marar lafiya, har da sababbin ma'aikata, yin maganar ko zai tashi ko ba zai tashi ba a gefen gadonsa, nakan sa su yi masa sallama su gaya masa abin da za a yi kafin a juya shi ko a soka masa allura, domin binciken da Owen da abokansa suka ƙara yi a 2010 ya sami mutum biyar, cikin marasa lafiya 54 masu mummunan raunin ƙwaƙwalwa, da suka iya bin umarni da ƙwaƙwalwarsu, ɗaya daga cikinsu har ya amsa tambayoyin i ko a'a game da iyalinsa.